Ranar da Dada Ba Ta Amsa Ba

A shekarar da aka sami mulkin kai Ticha ya tare a gidan da ke jikin katangarmu a Limawa. Mutumin wajen Numan ne, Kirista, yana koyarwa a wata makarantar mishan a Jimeta. Ticha kowa ke ce masa, har matarsa. Ita kuma Mama muke ce mata, don haka 'ya'yanta ke kiranta, muka bi bakinsu.

Da Disambar farko ta zo, ranar Kirsimeti, sai ga shi a ƙofar zaurenmu yana jan bunsuru da igiya. Babana yana kan keken ɗinki, ko ƙafa bai ɗaga ba.

"Malam, zuwa na yi ka yanka min," in ji Ticha.

"Babu wuƙa a gidanka?"

"Akwai. Amma in ni na yanka ba za ku ci ba. Ni kuma ba zan zauna ina cin nama, ƙanshi yana tsallaka katanga ba."

Baba ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, jini kake tsoro." Ya tashi ya ɗauko wuƙarsa ta layya, ya yi bisimilla ya yanka. Da rana Mama ta shigo da kwanon shinkafa da nama a kanta. Da Babbar Sallah ta zagayo Baba ya aika musu da cinyar rago. Shi ke nan, abu ya zauna. Ba wanda ya je ya tambayi malami, don ba wanda ya ga abin tambaya. Rabin layinmu haka suke yi da maƙwabtansu.

Naman ba shi ne abin ba. Abin shi ne uwata. Dada muke ce mata irin na mutanen Yola, don a Wuro Hausa ta tashi cikin Fulani, ta kwashi yarensu da kunyarsu duka. Mace ce marar magana. Ba ta da ƙawa, 'yan'uwanta mata duk sun riga ta, 'ya mace kuma Allah bai ba ta ba, mu biyu ne maza. Mama kuwa bakinta ba ya hutawa ko tana tauna. Yadda aka yi waɗannan biyun suka shaƙu, ni ban sani ba. Na dai san bayan la'asar za ka ji muryar Mama tun daga zaure: "Adda, kana ciki?" Adda take ce mata, wato yaya. Hausarta ta Jimeta ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ba ta jiran a ce ta shigo. Madafa take wucewa kai tsaye, ta ja tabarma, ta miƙe ƙafa, su yi ta ɓarar gyaɗa tana kwaikwayon muryar masu kifi na bakin kogi da tafiyar matar fastonsu. A duniyar nan ita kaɗai na taɓa jin ta sa Dada dariya har ta riƙe ciki.

Bayan rasuwar Baba gwiwoyin Dada suka ƙi. Daga ɗaki zuwa tsakar gida sai da sanda. Ba biki, ba suna, ba kasuwa. Duk abin da ta sani na gari, wa ya haihu, wa aka yi wa canjin aiki, ruwa ya cika ko ya janye, daga bakin Mama take ji. Ita ke kawo mata man zafi daga asibiti ta shafa mata da hannunta. In Mama ta je Numan ganin dangi, Dada ba ta cin abincin kirki har ta dawo. Matata tana ƙoƙari, amma suruka ce, akwai inda hira ba ta wucewa.

Sai wana. Hamma nake ce masa. Shi aka bari ya yi makarantar Midil, ni aka cire ni a aji huɗu aka ɗora ni kan keke don a sami mai taya Baba. Ban ce ba shi da ƙwaƙwalwa ba, yana da ita. Ya sami aikin ofis, da aka yi jihohi aka ɗauke shi zuwa Maiduguri, ya zama mutumin da ake tashi in ya shigo. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shi ya yi wa ɗakin Dada siminti, shi ke aiko da atamfa da buhun shinkafa. Amma a shekara sau ɗaya yake ganinta, ganin ma daga bakin ƙofa, don shi ne ɗan fari. Dada ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon fuskarsa. In ya durƙusa gaisuwa sai ta juya wajen bango ta amsa can ƙasa. In tana da magana da shi, matata take faɗa wa, ko ni, mu kai masa, alhali yana zaune yana ji. Mutane suna yaba mata wannan. Ana cewa ga mace mai kunya irin ta da.

Shekarar da abin ya faru, Kirsimeti da Babbar Sallah sun zo kusa da juna, 'yan kwanaki ne a tsakani, Kirsimeti ce ta riga. Hamma ya ɗauki hutu ya taho da ƙaton rago a bayan motar ofis. Tun ranar da ya sauka na ga akwai sabon abu. Ya sami wani malami a Maiduguri da yake zuwa karatu wurinsa bayan tashi daga aiki, kuma duk abin da muke yi a gidan nan tun muna yara ya zama kuskure. Yadda nake alwala kuskure ne. Sadakar da Dada ke yi wa Baba ranar Juma'a ma sai da ya yi magana a kai, ta bakina, ni kuma ban kai saƙon ba.

Da safiyar Kirsimeti Ticha ya zo da bunsurunsa. Tun rasuwar Baba ni ke yanka masa. Ya tsufa a lokacin, bunsurun ne ke jansa, ba shi ke jan bunsurun ba. Na yanka a bayan gida, muka yi barkwancinmu, ya ce hannuna bai kai na Baba sauri ba, na ce wuyan dabbarsa ne ya yi kama da tayar mota. Hamma yana tsaye da buta yana kallo. Da Ticha ya tafi sai ya tare ni.

"Wa ya ce ka yanka?"

"Wanda ya ce Baba ya yanka."

"Baba bai sani ba, Allah Ya gafarta masa. Wannan taya su bikinsu ne. Kana taya su, kana cikin zunubin."

Na ce, "Hamma, bisimilla na yi, ba waƙar coci ba."

Ya ce da ni ban yi karatu ba. Na ce gaskiya ne, kuma ya san dalili. Na wanke hannu na tafi shagona a kasuwa, don ɗinkin Sallah ya taru min har wuya. Na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Abin da ya biyo baya matata ce ta ba ni labari, tana bayan zana tana wanki, komai a idonta. Bayan azahar Mama ta taho da kwano a kanta, da kayan cocinta ba ta ma cire ba. Hamma yana zaure da baƙi, abokan aikinsa na da. Ta yi musu sannu za ta wuce, sai ya miƙe ya tsaya a ƙofar ciki.

"Mama, ki koma da shi. Gidan nan ba a cin abincin bikin kafirci."

Ta ɗauka wasa yake. Ta san shi tun yana sa gajeren wando, ta sha ba shi ƙosai. Ta ce, "Kai yaro, matsa in wuce, abin nan yana ƙona min kai."

Bai matsa ba. Ya sake faɗa, a hankali, irin yadda ake yi wa masinja bayani. Baƙin suka sunkuyar da kai. Mama ta dube shi, ta dubi ƙofar, sannan ta ɗaga murya.

"Adda. Adda, kana ji?"

Ɗakin Dada shi ne na farko in ka wuce zaure. Ko tari aka yi a zauren nan ana ji. Matata ta ce tana hango ta ta labule, zaune a kan tabarma, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mama ta sake kira. Ta jira. Sai ta juya, ta fita da kwanon a kanta cike, ta bi layi a gaban duk masu zama ƙofar gida, ta shiga gidanta. Tsakanin ƙofarmu da tasu ba nisa, amma ba wanda bai gani ba.

Da na dawo da yamma na ji, ko ruwa ban sha ba. Na tarar da Hamma yana shan shayi da biskit daga wani gwangwani mai hoton dusar ƙanƙara. Na san gwangwanin, kowace Disamba yake zuwa da irinsa.

Na ce, "Wannan wa ya ba ka?"

"Wani kamfani ne da ke mana aikin hanya."

"Musulmi ne?"

"Wannan kyautar ƙarshen shekara ce, ba ta addini ba."

"To. Ta Bature ƙarshen shekara ce, ta tsohuwar da ta wanke wa uwarka ƙafa ita ce kafirci."

Ya ajiye kofi ya ce in iya bakina, shi ne babba a gidan nan, kuma gobe kiyama shi za a tambaya. Na ce gobe kiyama ta yi nisa, ya bari mu ga wa zai zauna da Dada jibi. Muka yi ta yi har matata ta fito ta ce maƙwabta na ji. Na ce ai sun riga sun ji wanda ya fi wannan.

Na shiga wurin Dada. Idonta ya kumbura. Ban yi mata sannu ba, raina ya ɓaci da ita ma.

"Dada, kin ji tana kiranki?"

"Na ji."

"Me ya hana ki amsa?"

Ta ce, "In amsa sai in fito. In fito sai in yi masa magana. In ce masa me, a gaban baƙinsa? Ni ban taɓa ba."

Na ce, "Ɗanki ne. Ke kika haife shi."

Ta ce, "Shi ya sa."

Washegari na hau keke na tafi cikin Yola wurin Modibbo, tsohon malamin da Baba ya yi karatu a zaurensa a Wuro Hausa. Na ce in Hamma malami ya ɗauko, ni ma bari in ɗauko nawa. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya yi min bayani dalla-dalla, kuma na riƙe, don ranar kunnena a buɗe yake. Ya ce karɓar kyauta daga wanda ba Musulmi ba halal ce, ba shi kyauta ma halal ce, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya karɓa kuma ya bayar. Sharaɗi dai kada abin ya zama haram a kansa, kamar giya ko alade. Ya ce game da ranar bikinsu malamai sun yi saɓani. Akwai masu ƙin Musulmi ya kai musu kyauta don girmama bikin, akwai masu ƙin a taya su shirinsa, to a nan wana yana da inda ya dogara. Amma abincin da maƙwabci ya kawo maka, ga shi Musulmi ne ya yanka da sunan Allah, da yawa sun ce a karɓa. Ya ce ko da mutum ya zaɓi kada ya ci, sai ya karɓa da fara'a ya yi shiru da bakinsa, don wulaƙanta maƙwabci ba wanda ya yi saɓani a kan haramcinsa.

Na ce, "Allah gafarta, to ka zo ka faɗa masa haka. Ko ka aika a kira shi."

Sai jan carbin ya ƙaru. Ya ce shi tsoho ne, ba ya shiga tsakanin wa da ƙane. Ya ce yaran nan na yanzu masu karatun ofis ba a iya musu, za su ce tsofaffi ne suka ɓata addini. Ya ce in yi haƙuri, in kuma na faɗa a gida kada in ce daga bakinsa na ji. Ina fitowa na ga buhun shinkafa a jingine a zaurensa, irin wanda Hamma ya sauke a gidanmu. Ban ce don shi ne ba. Na dai gani.

Na faɗa wa Hamma duk da haka, har da sunan mai maganar. Ya ce Modibbo mutumin kirki ne amma zamaninsa ya wuce. Ka ji amfanin fatawar da na taka keke har Yola na ɗauko.

Ranar Sallah ya yanka ragonsa, ya ce ko tsoka ɗaya kada ta tsallaka katanga. Ni ma ina da ɗan ragona, ramamme, wanda na yi kiwo a bayan gida. Na cire cinya na kai da kaina. Ticha ya karɓa a ƙofa da hannu biyu. Mutum ne mai kawaici, ya fi mu duka.

"Na gode, ɗana. Ni ba ni da magana da kowa. Wanka ya faɗi abin da ya yarda da shi. Maganar tana wurin mata."

Ya kira Mama. Ta fito tana share hannu da zane. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce Hamma baƙo ne, kwana kaɗan zai koma inda ya fito, gida kuma namu ne da ita.

Ta ce, "Tashi, ba kai ka yi ba. Shi ma yaro ne, ban riƙe shi ba. Ko a coci muna da irinsa."

"To ki zo, Mama. Dada ba ta cin abinci."

"Na kira shi," ta ce, Dada take nufi. "Ina tsaye da kaya a kai kamar mai talla, na kira, na sake kira. Ko tari ya yi min, da na san akwai mutum a ciki."

Na ce ai ta san al'adar, ɗan fari ne.

"Na sani. Shekara nawa ina gidan nan, ni zan kasa sani? Kunyar ɗa ya fi ni. To ya zauna da kunya."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗa ta yi, da na san yadda zan ɓullo mata.

Sai da Hamma ya koma Maiduguri sannan Dada ta ce in kai ta. Rabonta da ƙetare zaure tun zaman makokin Baba. Ta ɗaura atamfa mai kyau, ta riƙe sanda a hannu ɗaya, ni a ɗaya, muka bi jikin katanga muna tsayawa tana hutawa. Na bar ta a ƙofar cikin gidansu na koma waje na zauna da Ticha, muna maganar da ba ta da kai, kunnuwanmu duka suna ciki. Ba mu ji dariya ba. Ba mu ji kuka ba. Ba a daɗe ba aka ce in zo in ɗauke ta.

Na tarar da ita a falo, inda suke sauke fasto da manyan baƙi, a kan kujera mai matashi, ƙafafunta ba su kai ƙasa sosai ba. An ajiye mata lemon kwalba a kan ɗan tebur da kofin gilashi, ba ta taɓa ba. Mama tana zaune a ɗaya kujerar, hannu a cinya. Ta raka mu har ƙofa, ta ce a sauka lafiya, a gaida mutanen gida.

A hanya ban tambaya ba. Sai da na zaunar da ita a tabarmarta, na jingine sandar, sannan ta ce, "An ba ni kujera."

Na ce, "Kin ba ta haƙuri?"

"Na ba ta. Ta ce ba komai."

Daga nan Mama ba ta sake wucewa madafarmu ba. Ba gaba take yi ba. In mun haɗu a layi za ta amsa gaisuwa, ta tambayi ƙafar Dada, wani lokaci ta ba ni man zafi in kai. Da Disamba ta zagayo Ticha ya kai bunsurunsa kwata, mahauta suka yanka masa, ya ce min don kada ya jawo min rigima da wana. Kwano bai zo ba. Ni na ci gaba da kai cinya duk Sallah, suna karɓa suna godiya, kamar yadda ake yi wa kowa.

Dada kuwa bayan la'asar sai ta sa a fitar mata da tabarma bakin ɗaki, ta zauna tana fuskantar zaure. Ba ta ce wa kowa ga abin da take jira ba. Matata ta kan zauna da ita da kwaryar gyaɗa, su ɓare shiru. Na gwada kawo mata labarin kasuwa, amma ni ban iya ba da labari ba, in na faɗi abu sai ya fito kamar sanarwa. Ta rame. Magana da ma ba ta da yawa, ta ƙara raguwa.

Wajen lokacin da aka raba jihar Ticha ya yi ritaya, suka kwashe kaya a babbar mota suka koma Numan. Mama ta tsaya a zaure ta yi sallama da matata, ta ce a gaida Adda, mota na jira. Dada tana ji. Wannan karon ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi, kafin a kawo mata sanda mota ta tashi.

Mutane sun ce min in daina riƙe abin, kowa da fahimtarsa ta addini. Ni ban hana kowa fahimtarsa ba. Wanda ba ya son cin shinkafar Kirsimeti kada ya ci, cikinsa ne. Amma mutumin da ke kwana a gari mai nisa ya zo hutu ya yanke hukunci a kan rayuwar da ba shi zai zauna a cikinta ba, ya koma, malamin da ya san gaskiya ya ce kada a ambaci sunansa, uwa kuma ta zaɓi a ce tana da kunya. Ni aka bar wa tsohuwa tana kallon ƙofa.

Bayan raba jihar aka dawo da Hamma Yola da aiki, aka ba shi gidan gwamnati. Yana zuwa gaisuwa ranar Juma'a. Wata Juma'a ya fito daga bakin ƙofar Dada, ya zauna a zaure kusa da keken ɗinkina, ya ce tsohuwar nan ta yi shiru da yawa, ko a kai ta asibiti.

Sai ya ce, "Wai ina matar nan mai surutu da ke zuwa wurinta? Na daina ganinta."

Na tsayar da keke na dube shi, in ga ko gatse yake yi. Ba gatse ba ne. Ya manta.

Na ce, "Sun koma Numan."

Ya ce, "Ayya. Ai kuwa da tana ɗebe mata kewa." Ya leƙa ciki ya ce a kawo masa shayi.